Ku Daina Ɗora wa Manomi Laifin Gazawarku

Ku masu ƙaddamar da manhajojin noma a manyan otal-otal na Abuja da Kano, ku ji tsoron Allah. Da zarar manoman Kunchi da Makoɗa da Tsanyawa sun ƙi kula abin da kuka ƙirƙiro, sai ku rubuta a rahoto wai kansu bai waye ba. Wannan ƙazafi ne.

Manomin da kuke rainawa shi ne yake buga wa dillali waya a Dawanau ya ji farashin riɗi kafin ya ɗinke buhu. Shi ne yake karɓar kuɗin wakensa a wurin mai POS ranar kasuwar Dambatta. Babu wanda ya shirya masa bita, amfani ya gani ya kama.

To ku me kuka kai masa? Saƙon Turanci ga dattijon da karatunsa na allo ne da ajami. Manhajar da sai da babbar waya da data, a ƙauyen da cajin waya ma sai an biya a shago. Shawarar da aka tsara don makekiyar gona mai shuka iri ɗaya, alhali tasa rabon gado ya tsinka ta, kuma gero da dawa da wake duk a cikinta suke. Wanda bai taɓa tsayawa a gonar gicci ba, ta yaya zai koya wa mai ita aiki?

Kuma manomi ba ya mantuwa. A 2012, zamanin minista Akinwumi Adesina, shirin GES ya riƙa turo saƙon waya a je a karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. Miliyoyin manoma suka yi rajista, domin akwai taki a bayan saƙon. Wasu saƙon bai iso musu ba saboda rashin sabis, wasu takin ya zo bayan damina ta yi nisa, bayan 2015 kuma shirin ya shiririce. Wanda aka yi wa haka, da wane ido zai kalli sabon mai zuwa da fom yana neman lambar wayarsa?

Ku rage kuɗin taro ku ɗauki malaman gona a hukumar raya noma ta jihar Kano, KNARDA, ku ba su babura. Hasashen damina na NiMet ku mayar da shi murya, da Hausa, ya shiga ƙaramar waya da rediyo kafin shuka. In ba za ku iya ba, ku daina karɓar kuɗi da sunan manomi.