Garin da Ke da Tashar Jirgin Ruwa, Yake Dariyar Mai Jirgi

A ce wata safiyar Asabar cikin hunturu wani ma'aikaci, likita ko malamin kwaleji ko akawun banki, ya ratsa tsakiyar Funtuwa da motarsa, tana jaye da ɗan amalanken ƙarfe mai taya biyu. A kan amalanken an ɗaure ƙaramin jirgin ruwa wanda tsawonsa bai wuce mita huɗu ba, ga doguwar sanda kwance a gefensa, ga ƙyalle a naɗe. Kafin ya fita gari labarinsa ya riga shi isa majalisu. Wani zai ce kuɗi ne suka yi masa yawa, wani ya ce boko ne ya taɓa shi, wani kuma ya tuna wa jama'a cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne. Waɗanda za su fi kowa shewa kuwa abokan aikinsa ne, masu digiri, waɗanda ba su taɓa ganin aibin mai zuba miliyoyi a mota ta uku ba.

Wannan dariyar ce ya kamata a tuhuma, domin a ƙarƙashinta akwai jahilcin da aka naɗa wa rawanin hikima, kuma jahilci ne mai cin rai.

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi an san ta da auduga da masara da waken suya, amma ba ƙasar da ruwa ya ƙaurace wa ba ce. Daga kusa da Funtuwa Kogin Sakkwato yake tasowa. Ga madatsar Mairuwa, ga ta Gwaigwaye, ga wadda Malumfashi ke sha daga gare ta, idan aka nausa arewa kuma ga Zoɓe a ƙasar Dutsin-Ma. A 2024 aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta tsandauri a Funtuwa, aka yi jawabai, aka yi tafi. Garin ke nan ya rungumi sunan jirgin ruwa a inda babu ko ɗigon ruwa, alhali ruwan da ke bayan gari an bar wa masunta da masu noman rani da yaran da ke zuwa wanka ba da sanin iyayensu ba. Ɗan boko ya san madatsa ne kawai ranar da famfo ya ƙafe.

Sakamakon wannan nisanta ba ɓoyayye ba ne. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi. A watan Mayun 2022, cikin shagulgulan ƙaramar Sallah, yara fiye da goma suka rasu a irin wannan hatsari a ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta Jihar Katsina. Duk lokacin da haka ta faru sai a yi ta'aziyya, a yi alkawari, a ambaci hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda hedikwatarta ke Lokoja, sannan a koma harkokin gabansu. Mutuwa da wa'adi take zuwa, wannan babu musu. Sai dai lodin da ya wuce ƙima da rashin rigar kariya daga nutsewa ayyukan mutane ne, kuma suna dawwama ne saboda waɗanda ke rubuta doka da kasafin kuɗi ba su taɓa riƙe igiyar jirgi ba. Daraktan da bai san nauyin da kwalekwale ke ɗauka ba, ta ina zai gane an yi masa ƙarya a rahoto?

A nan ne ɗan ƙaramin jirgin mutumin nan yake da aiki. Jirgi ne mai tafiya da iska, babu inji. Ana kafa sanda a tsaye, a ɗaura mata ƙyalle, iska ta cika shi. A ƙarƙashin jirgin akwai wani allo da ake saukarwa cikin ruwa domin ya hana shi zamewa gefe, a bayansa kuma akwai wani allon da ake juya akalarsa da shi. Haɗuwar ƙyallen da allon ƙasa ita ke ba shi damar abin da kan ba sabon shiga mamaki: yana iya nufar sashen da iska ke fitowa. Ba ya fuskantar ta kai tsaye, yana kaucewa ne da kamar digiri 45, ya yi dama, ya juyo hagu, kamar yadda mai jaki ke hawan tudu a karkace, har ya isa. Wanda ya koyi wannan dole ya koyi karatun sama. Zai san cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina daga kudu maso yamma, kuma hadarin farkon damina da ya haɗo daga gabas ba ya jiran kowa ya gama shiri. Manomi ya san wannan a gonarsa. Mai jirgi yana sanin sa a inda kuskure ke da tsada nan take.

Dalilin amalanken kuwa a fili yake. Madatsun yankin a warwatse suke, ruwansu yana ja baya da rani, babu matsaya ko maajiyar jiragen ruwa a bakin ko ɗaya daga cikinsu, ga kuma halin tsaro da bai bari mai hankali ya bar dukiyarsa a daji ta kwana ba. Jirgin da ke kwana a garejin gida, ya fita da hantsi ya dawo kafin la'asar sakaliya, shi ne ya dace da ƙasar. Mai shi yana iya zaɓar ruwan da ke da lafiya a wannan makon, ya ƙyale wanda ba shi da ita.

Masu dariya suna da hujjoji, kuma ya dace a auna su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wai wasan Turawa ne. Wannan magana ba ta dace da bakin Bakatsine ba. Ƙwallon dawaki baƙo ne a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Ya karɓe shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa, yau ga shi ana lissafa shi cikin abubuwan alfaharin Katsina. Tuƙi da iska kuwa ya ma fi kusa da gida, domin Musulmin Lamu da Zanzibar sun yi ɗaruruwan shekaru suna fatauci a kan tekun Indiya da iskar yanayi, kuma har gobe irin waɗannan jirage suna kai-kawo a Kogin Nilu. Kafin zaren roba ya mamaye kasuwa, ƙyallen jirgi da auduga ake saƙa shi, amfanin gonar da Funtuwa ta yi suna a kansa.

Ta biyu, wai almubazzaranci ne. Tarihin ƙananan jiragen nan ya ƙaryata haka. Samfurin da ake kira Optimist, wani maƙerin jirgi mai suna Clark Mills ya tsara shi a Florida ta Amurka a 1947, domin yara su samu jirgin da za a iya haɗawa da katako mai araha. A farkon shekarun 1960 jaridar Daily Mirror ta Ingila ta ɗauki nauyin wani samfurin, Mirror, wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara. Tsawonsa mita 3.3, ana ɗinke allunansa da waya a shafe gaɓoɓin da gam, ta yadda ma'aikaci zai haɗa shi a gida, kuma an ƙera fiye da 70,000. Kafintan da ke yin gadon amarya a Malumfashi, da mai waldar da ke ƙera amalanken shanu, da telan da ke ɗinka tamfol na rumfar biki, babu wanda wannan aiki zai gagara idan aka ba shi zane mai kyau da katakon da ke jure ruwa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur kuwa, abin hawan da ba ya shan mai ya daina zama abin raini. Bugu da ƙari, madatsar da ake sha daga cikinta ta fi buƙatar jirgin da ba ya ɗigar da fetur.

Ta uku ita ce mai nauyi: ruwan madatsa yana da cuta. Gaskiya ne. A ƙarshen shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun yi bincike mai zurfi kan tsargiya a ƙasar Malumfashi. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke bakin ruwa marar zurfi, ta ratsa fatar wanda ya shiga. Amma wa ke shiga ruwan nan kullum? Ɗan masunci da mai wanki da mai ban-ruwa. Ƙaurace wa madatsa da ɗan boko ya yi bai warkar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Likitan da ke zuwa bakin ruwa duk Asabar, sanye da takalmin roba, shi ne zai lura da yaron da ke fitsarin jini, ya san cewa maganin praziquantel bai iso ƙauyen ba.

Duk da haka, shi ma sabon mai jirgin akwai tasa tuhumar. Cutar da ke kama mai sabon abin hawa a ƙasar nan sananniya ce: kwalliya kafin lafiya. Zai fara tunanin fenti mai walƙiya, da rubuta suna a gefe, da lasifika, da ɗan injin da zai rufa masa asirin rashin iyawa. Wanda ya bi wannan hanya ya gaskata masu dariya. Gyaran jirgi yana da jeri, kuma na farko ba a jikin jirgin yake ba: mai shi ya koyi iyo. Sai rigar kariya ga duk wanda zai hau, a jiki take, ba a ƙarƙashin kujera ba. Sai a ɗaure jarkoki rufaffu ko soso mai yawo a cikin jirgin gaba da baya, domin ko ya cika da ruwa kada ya nutse. Sai bokitin kwarfe ruwa da aka ɗaure da igiya, da abin tuƙi na hannu saboda ranar da iska ta ɗauke, da ƙarfen tsayar da jirgi mai doguwar igiya. Bayan haka a kai ƙyallen wajen tela ya yi masa layin maɗaurai, yadda za a iya rage faɗinsa idan iska ta tsananta, domin yawancin kifewar sabon shiga daga yawan ƙyalle take. Amalanken ma yana da haƙƙi: girisi a ƙafafunsa bayan kowace shiga ruwa, taya ta ajiya, da fitilun baya masu aiki, saboda hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ba ta san uzuri ba. Daga ƙarshe, wata rana mai sanyin iska, a gaban masunta, ya kifar da jirgin da gangan ya koyi tayar da shi.

Ambaton masunta ba don cika magana ba ne. Kafin taya ta taɓa ruwa akwai izini biyu da za a nema, na hukumar da ke kula da madatsar da na Sarkin Ruwa. Mai digiri zai iske cewa dattijon da bai taɓa shiga aji ba ya san inda kututturen bishiya ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, da inda aka shimfiɗa koma, da sa'ar da iska ke juyawa. Sai ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce “Baba, ina ne ba a bi?”, ya kuma saurara. Wannan zaman ɗalibta yana daga cikin manyan ribar jirgin, musamman ga wanda ya saba a miƙe masa idan ya shigo ofis.

Legas tana da kulob ɗin masu tuƙi da iska tun 1932. Kudancin Katsina ba ya buƙatar gini ko shinge ko kuɗin rajista mai tsoratarwa. Ma'aikata biyar da jirage biyu da rigunan kariya ashirin sun isa a fara, muddin rabin rigunan za su zauna a hannun masu kwalekwalen da ke ƙetarar da mutane ranar kasuwa, kuma muddin 'ya'yan masunta za su hau tare da 'ya'yan ma'aikata. Wanda ya ga mutumin nan ya wuce da jirginsa ranar Asabar, kafin ya buɗe baki ya yi shewa, ya fara tambayar kansa ko cikin 'ya'yansa akwai wanda ya iya iyo.