Takarda Ke Kai Ka Bakin Ƙofa, Mu'amala Ke Shigar Da Kai

'Yan uwana ɗalibai 'yan Arewa, musamman mu da karatu ya kawo mu Kudu.

Duk lokacin da aka taso da muhawarar digiri ko sana'a, sai mu rabu gida biyu a Facebook, a kwana ana musu. Amma akwai abu na uku da ba mu cika magana a kansa ba, wato iya mu'amala: iya bayani, sauraro, cika alkawari, kiyaye lokaci, da aiki tare da wanda ba yarenka ba. Ina mastas a Jami'ar Ibadan, kuma abin da nake gani shi ne ba a fi mu ƙwaƙwalwa ba. A nan ne dai ake yawan shan gabanmu.

Ku duba yadda bankuna da manyan kamfanoni ke ɗaukar sababbin masu digiri. Da farko jarrabawa a kwamfuta. Wanda ya ci, sau da yawa sai a haɗa shi da wasu a rukuni, a ba su matsala su tattauna, masu tantancewa na gefe suna kallo. Daga nan sai intabiyu. Sakamakonka na jami'a ya gama aikinsa tun a matakin farko. Abin da ya rage, wa ya iya faɗin ra'ayinsa a minti biyu, wa ya saurari na kusa da shi, wa ya yi musu ba tare da ya fusata ba.

To a nan tarbiyyarmu take haɗuwa da wata fassara. An koya mana sunkuyar da kai gaban manya, an ce mana yabon kai jahilci. Gaskiya ne, kuma ba zan ce a zubar da kunya ba. Sai dai wanda ke zaune a kujerar intabiyu a Legas, in ya ga kana kallon ƙasa kana amsawa da "eh" da "a'a", ba lallai ya ɗauka ladabi ba ne, zai iya ɗauka ba ka san abin ba. Kuma faɗin aikin da ka yi ba yabon kai ba ne, rahoto ne. Ka ce ga abin da aka damƙa mini a SIWES, ga yadda na yi shi, ga abin da ya fito. In ba ka faɗa ba, wa zai faɗa maka?

'Yan uwa mata, na san batun musabaha na damun wasunku. Hannu a ƙirji, murmushi, da gaisuwa da murya mai fita sun wadatar. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.

Na san wani zai ce, "Malam bar zancen nan, a ƙasar nan sai da hanya." Ban musa ba, akwai son kai a ɗaukar aiki. Amma ita hanyar ma da me ake gina ta? Lakcaran da zai rubuta maka takardar shaida, ɗan ajinku da zai tura maka sanarwar gurbi, ogan da ka yi bautar ƙasa a ƙarƙashinsa, duk hanya ce. Kuma ko da hanya ka shiga, ba ita za ta rubuta maka rahoto ko ta riƙe maka abokan aiki ba.

Wani abin kuma, mun cika zama ya mu ya mu. Daga aji sai masallaci, daga masallaci sai Sabo cin tuwo. Shekara huɗu mutum na Ibadan bai iya gaisuwa da Yarabanci ba. Alhali iyayenmu 'yan kasuwa a Sabo da Agege da Mile 12, da yawansu ba su yi boko mai nisa ba, amma sun iya yaren, sun iya ciniki, an san su da amana. Da wannan suka kafu a ƙasar da ba tasu ba. An kafa NYSC a 1973 ne don irin wannan cuɗanya, mu ga shi mun samu tun muna makaranta, muna wasa da ita.

Kuma koyon abin kyauta ne. In an raba aikin rukuni, ka shiga cikin waɗanda ba 'yan garinku ba, ka karɓi gabatarwa ko muryarka na rawa. Ka yi tambaya ɗaya a kowace semina. In za ka tura wa sufabaiza imel, ka sa take, ka yi gaisuwa, ka faɗi buƙatarka a layi uku. In an ce ƙarfe tara, ka iso tara saura. In ka ce gobe, to ya zama gobe. A MSSN ko ƙungiyar ɗaliban jiharku, ka karɓi sakatare ko ma'aji, a can za ka koyi rubuta bayanin taro da riƙe kuɗin jama'a.

Haƙuri da amana da girmama mutane mun taso da su daga gida. Abin da ya rage mu buɗe baki a ga suna nan. Masu shirin intabiyu a wannan zangon, mu haɗu uku-uku mu riƙa gwada juna kafin ranar.

Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya ba mu aiki mai albarka.