Hifinosis ko Tattaunawa: Wanne Ke Raba Mutum da Taba?

Wani ɗalibina da sigari ta zame wa ƙarfen ƙafa ya taɓa tare ni bayan lacca, yana tambaya ko gaskiya ne a Turai akwai masu sa mutum barci, ya farka ya ƙyamaci taba har abada. Abin da yake nufi shi ne hifinosis, wato dabarar tattara hankalin mutum wuri guda har ya shiga wani yanayi mai kama da gyangyaɗi, sa'annan a riƙa cusa masa shawara. Ba barci ba ne na haƙiƙa, mutumin yana jin duk abin da ake faɗa.

Dabarar tsohuwa ce. A 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamiti, cikinsa har da Benjamin Franklin da Lavoisier, don binciken likita Mesmer, wanda ke da'awar warkarwa da wani ɓoyayyen ƙarfin maganaɗisu. Suka tarar babu wani maganaɗisu, tunanin majiyyatan ne ke aiki. Shi kansa Freud ya yi amfani da hifinosis, daga baya ya ajiye ta ya koma sauraron majiyyaci.

Ni dai ina bayan tattaunawa, kuma dalilina na ilmin halitta ne. Nikotin da ke cikin hayaƙi na isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu, ya sa ta saki sinadarin dofamin mai sa jin daɗi. Da maimaici sai ƙwaƙwalwa ta ɗaura wannan daɗi da wuri da lokaci: bayan tuwon dare, a teburin mai shayi, a majalisar abokai. Mutum zai iya fitowa daga ɗakin mai hifinosis da kyakkyawar niyya, amma majalisar tana nan tana jiransa da ashana. Irin tattaunawar da Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960 wannan ƙullin take bi ta kwance. Masani da majiyyaci su zauna su gano abin da ke tada sha'awar, su shirya abin da za a yi in ta taso, mako ya zagayo a duba inda aka yi tuntuɓe.

A 2019 masana ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi kan barin taba ta hanyar hifinosis, ba su sami isasshiyar hujjar cewa ta fi sauran hanyoyi ba. Ita kuwa shawarar ƙwararre an tabbatar tana taimakawa, musamman in an haɗa da cingam ko filastar nikotin. Ban ce hifinosis yaudara ce ba; tana rage wa wasu raɗaɗin ciwo, sai dai ba kowa take kamawa ba.

Ɗalibin nawa bai ji daɗin amsar ba, don ya so a gama a zama ɗaya. Na ce ya sayi ɗan littafi, ya riƙa rubuta lokaci da wurin kowane karan da ya kunna har mako biyu, kafin ya nufi asibiti.