Litar fetur: Daga gidan kallon ƙwallo zuwa ajin ɗan firamare

A yammacin kowace Asabar, yayin da ake shirin take leda a Gasar Firimiya ta Ingila, mai gidan kallon ƙwallo a Fagge ko Tudun Wada yakan fara da lissafi. Lita nawa janareta zai sha kafin a tashi wasa? Mutum nawa za su shiga? Idan ya ƙara kuɗin shiga, samari nawa ne za su gwammace su tsaya a bakin taga? Irin wannan lissafin ne magidanci yake yi da safiyar Litinin idan zai ba yara kuɗin A Daidaita Sahu, kuma shi ne mai makarantar kuɗi yake yi a farkon kowane zango. Dukkansu abu guda suke aunawa, wato farashin makamashi.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kawo ƙarshen tallafin man fetur, lissafin ya sauya. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a Abuja a watan Yuli, sannan ta kai 1,030 a gidajen man NNPC na birnin a Oktoban 2024. Ma'aikaci mai mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 yana iya sayen fiye da lita 150 a farkon 2023. Sabon albashin naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 bai kai ya sayi lita 70 ba a wancan farashi na Oktoba. Farashin ya ɗan sauka daga baya, bayan da matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur, amma kuɗin mota da na makaranta ba su cika sanin hanyar komawa baya ba.

Yadda rikicin nesa ke shigowa gida

Hujjar gwamnati tana da nauyinta. A 2022 kaɗai tallafin ya lashe fiye da naira tiriliyan 4, kuma wani kaso na man da aka yi wa rangwamen yana tsallaka iyaka zuwa maƙwabta. Abin da ya kumbura kuɗin a wannan shekara shi ne yaƙin da Rasha ta ƙaddamar a kan Ukraine ranar 24 ga Fabrairun 2022, wanda ya tura gangar ɗanyen mai sama da dala 120. Ga ƙasa mai haƙo mai, wannan kamata ya yi ya zama kaka. Amma da yake Najeriya tana sayar da ɗanye ne ta sayo tatacce da dala, ribar da ta shigo ta ƙofa sai ta fice ta taga.

Cire tallafin, haɗe da sakin darajar naira a Yunin 2023, ya kawar da katangar da ke tsakanin aljihun talaka da kasuwar duniya. Yanzu duk wata hatsaniya a Gabas ta Tsakiya, ko shawarar da ƙungiyar OPEC ta yanke a Vienna, tana iya bayyana a allon gidan mai na Zariya cikin 'yan makonni. Jamhuriyar Nijar ma ta ɗanɗana yadda makamashi yake zama makami: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take ba ta, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar take amfani da shi, ba a kuma janye takunkumin ba sai a farkon 2024.

Kuɗin mai a filin wasa

Masu cika gidajen kallo sun fi kowa ganin abin da arzikin mai yake iya saye. Masu kuɗin Abu Dhabi sun sayi Manchester City a 2008, Qatar ta karɓi Paris Saint-Germain a 2011 ta kuma karɓi baƙuncin Gasar Kofin Duniya ta 2022, asusun zuba jari na Saudiyya ya mallaki mafi yawan hannun jarin Newcastle a 2021. Da yaƙin Ukraine ya ɓarke, hukumar UEFA ta yanke alaƙa da kamfanin Gazprom na Rasha, ta ɗauke wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai daga St Petersburg zuwa Paris. Hatta Gasar Kofin Afirka, wadda Super Eagles ta sha kashi a wasanta na ƙarshe da ci 2-1 a hannun Cote d'Ivoire ranar 11 ga Fabrairun 2024, sunan kamfanin mai na TotalEnergies take ɗauke da shi.

Waɗancan ƙasashe suna da yawan jama'a kaɗan idan aka kwatanta da Najeriya, don haka kwatancen yana da iyaka. Duk da haka abin lura ne cewa saurayin da ƙasarsa ta fara fitar da mai tun 1958 yana kallon ƙungiyoyin da kuɗin mai ya saya ta hanyar janareta, domin babban layin wutar ƙasar ba ya wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 a mafi yawan lokuta, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A ƙarshen Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a wani layin, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu.

Inda nauyin ya fi sauka

Gidan kallo yana iya rufewa a koma sauraron rediyo. Makaranta ce ba ta da madadi. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, bisa alƙawarin ba da wuta awa 20 a rana, kuma jami'o'in gwamnati da asibitocin koyarwa da dama sun faɗa cikin wannan rukuni. Jarrabawar JAMB kuwa tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta baki ɗaya, alhali ɗalibai da yawa daga makarantun da ba su da ko ƙwan fitila ɗaya suke fitowa. A Mayun 2025, da aka samu jinkirin takardar Turanci ta WAEC, an ga ɗalibai a wurare da dama suna rubutu cikin dare da hasken tocila da wayar salula.

A matakin firamare illar ba ta da hayaniya. Malamin da albashinsa yake ƙarewa a kuɗin mota yakan rage kwanakin zuwa aji. Uban da yake da 'ya'ya biyar yakan zaɓi waɗanda za su ci gaba, kuma galibi 'ya mace ce take fara zama a gida. Wannan yana faruwa ne a ƙasar da alƙaluman UNICEF da aka daɗe ana ambato suka nuna yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa.

Ina kuɗin suka tafi?

Kuɗin da aka daina kashewa a tallafi ba ɓacewa suka yi ba. Kason da ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ya haura naira tiriliyan 1 a wata tun ƙarshen 2023, ya kuma ci gaba da hawa. Ilimin firamare da sakandare yana hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, kuma shekara da shekaru hukumar UBEC tana kokawa cewa biliyoyin naira suna jibge ba a ɗauka ba. Haka nan Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da za a yi da kuɗin ba sabon abu ba ne. A 2019 aka ƙaddamar da tashar hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, an kuma sanya wa shaguna a Kasuwar Sabon Gari sola a ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Darasin irin waɗannan ayyuka shi ne cewa kafawa ta fi kulawa sauƙi, domin batir yana da wa'adi, kuma sai an tanadi kuɗin sauya shi tun daga kasafi. Makarantar sakandare mai ɗakin kwamfuta ɗaya da rijiyar burtsatse ba ta buƙatar ko kusa da abin da jami'a take buƙata.

Ɗan kasuwa da ma'aikaci sun riga sun biya nasu kason a gidan mai. Farashin ganga ba ya hannunsu, ba ya ma hannun Abuja. Amma kasafin jiha yana wucewa ne ta gaban ɗan majalisar da suka zaɓa, wanda yawanci sun san ƙofar gidansa. Tambayoyin da ya kamata ya amsa uku ne: nawa jihar ta karɓa bana idan aka kwatanta da 2022, ta ɗauki kasonta na UBEC ko ta bar shi, kuma makarantu nawa ne a mazaɓarsa suke da wuta a yau?