Farin ƙuda ba ƙwaro ɗaya ba ne, ku daina ce wa manoma "ƙara murfi"

1/ Jiya na ga wani bidiyo yana yawo: wani matashi ya zuba magungunan feshi kala uku a bokiti guda, wai "haɗin da ke gamawa da farin ƙuda a kwana ɗaya". Jama'a sai tambayar lambar waya ake. Wallahi raina ya ɓaci. Ku ba ni minti biyar.

2/ Ga wanda bai san shi ba: ɗan mitsitsin ƙwaro ne fari da ke maƙalewa a bayan ganyen tumatir, kuɓewa, auduga da rogo. In ka girgiza shuka sai ya tashi kamar ƙura. Masana na kiran sa Bemisia tabaci. A 1889 aka fara bayanin sa, a gonar taba a ƙasar Girka.

3/ Tsotson ruwan ganye da yake yi ƙaramin laifinsa ne. Babban laifin shi ne dakon ƙwayar cutar bairos daga shuka zuwa shuka. Nannaɗewar ganyen tumatir, da cutar da ke sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance, duk shi ke raba su.

4/ To ga abin da mai bokiti bai gaya muku ba. Wannan suna ɗaya da ake kira, a ƙarƙashinsa akwai jinsuna fiye da 30. A ido kamar an tsaga kara. Sai an yi gwajin ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike ake bambance su.

5/ Kuma halinsu ya sha bamban. Waɗanda ke zama a kan rogo a Afirka daban suke da waɗanda suka fi addabar kayan lambu. Wani jinsin magani na kashe shi, wani kuma ya riga ya saba, sai dai ya yi wanka da shi ya ci gaba da harkarsa.

6/ Yanzu ka lissafa. Ka yi feshi, masu rauni sun mutu, masu taurin kai sun tsira. A lokacin zafi cikin kamar mako uku sabon zubi ya fito, duk 'ya'yan masu taurin kan. Ka ƙara murfi, ka sake tace su. Da kuɗinka kake kiwon wanda zai cinye ka.

7/ Wanda ke ganin surutu ne ya tambayi 'yan'uwanmu Hausawan Sudan labarin audugar Jazira. An yi ta ruwan magani don kashe tsutsar auduga, har aka kashe ƙwarin da ke cin farin ƙuda. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 shi ne ya zama sarkin ɓarna.

8/ Kashinsa mai danƙo ya riƙa ɓata audugar, tana manne wa injin kaɗi, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Garin neman gira aka rasa ido.

9/ Tambaya ta biyu: ƙwaron da bai kai ƙwayar gero ba, ta yaya yake tsallake teku? Mu ke ɗaukar sa. Jinsin da ake kira MEAM1, ɗan asalin yankin Gabas ta Tsakiya, a jikin furannin ado na kasuwanci ya zaga duniya. A 1991 ya yi wa manoman Kaliforniya a Amurka mummunar ɓarna.

10/ A Yuganda kuwa, daga ƙarshen shekarun 1980 wata muguwar cutar ganyen rogo ta ɓarke tare da cincirindon farin ƙuda. Manoma da yawa suka haƙura da noman rogo. Daga nan ta bazu Kenya, Tanzaniya, Ruwanda, Burundi da Kwango.

11/ Akwai wadda ta fi ta sharri: cutar da ke ruɓar da saiwar rogo daga ciki. Ganye na iya zama shar, sai ranar haƙa ka yanka ka ga ruɓa ruwan ƙasa. Ta sake kunno kai a Yuganda a 2004, ta shiga har Kwango. Farin ƙuda da itacen rogon shuka ne ke yaɗa ta.

12/ Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya. Garin kwakin da ke riƙe ɗalibi a makaranta daga nan yake. Amma har yanzu akwai masu alfahari da cewa sun shigo da "sabon iri daga waje" a jaka, ba tare da hukumar killace tsirrai ta NAQS ta gani ba. Haba jama'a.

13/ Mun manta da 2016 ne? Tsutsar tumatir da manomanmu suka sa wa suna Sharon, daga Kudancin Amurka ta taso, ta bi ta Sifen, ta iso Kano da Kaduna. Kowa ya tuna kuɗin kwandon tumatir a shekarar.

14/ Za a ce min: "Malam, manomi na kallon gonarsa na mutuwa, ka ce kar ya yi feshi?" Ban ce haka ba. Feshi na da lokacinsa da ma'auninsa. Amma shukar da bairos ya riga ya kama, ko durom ka juye mata ba za ta warke ba. Mai shagon da ya ce za ta warke, kuɗinka yake so.

15/ Abin da ke aiki ba ya tashe a TikTok: rufe bedin reno da raga mai ƙananan ido. Tuge shukar da ta kamu da wuri. Share ragowar tsohuwar gona kafin sabon dashe. Sauya ajin magani, domin kwalba biyu masu suna daban na iya zama sinadari ɗaya. Karanta jikin kwalbar.

16/ Mai rogo ya nemi iri mai jure cutar ganye, irin su TME 419, daga hannun da aka tantance. Cibiyar IITA ta Ibadan da ta Umudike sun yi shekaru a kan wannan aiki. Kyautar itace daga gonar da ba ka ga ganyenta ba, ka ce na gode, ka bar ta.

17/ Gwamnatocin jihohi kuma: rabon injin feshi a gaban kyamara ba shi ne taimakon manomi ba. A ba jami'o'inmu kuɗin gwaji su gaya mana wane jinsi ne a Kadawa, wane ne a Binuwai, wane magani ne ya daina cin sa. A dawo da malaman gona ƙauye.

18/ Kai kuma mai bokiti, na san za ka ga wannan. Ka gaya mana wane jinsin farin ƙuda haɗin naka ke kashewa, a gonar wa aka gwada, kuma me ya faru bayan mako uku. In ba ka da amsa, sauke bidiyon. Sauran ku, ku tura wa duk wanda ke noman rani a gidanku.