Fakitin kati ba jari ba ne, ga lissafin

1/
Jama'a, mu yi magana a kan wasannin kati na kirifto. Tun da Hamster Kombat ta watsa wa mutane ƙasa a ido a Satumbar 2024, masu raba link suka sauya salo: wai wancan danna-danna ne, wannan kuwa "dabara ce, mai ƙwaƙwalwa ke ci". Ni ban yarda ba, kuma da lissafi zan yi magana. Zaren na da tsawo, ku yi haƙuri.

2/
Zan yi misali da Splinterlands, don tana cikin tsofaffin wasannin nan. Ta fara a 2018 da sunan Steem Monsters, yanzu tana kan bulokcen ɗin Hive. Kana tara katunan dodanni, ka jera su, su gwabza da na wani. Katunan darajoji huɗu ne: Common, Rare, Epic, sai Legendary a sama.

3/
A ƙarshen 2021 suka fitar da jerin katunan Chaos Legion. A lokacin, fakiti ɗaya dala 4, kati 5 a ciki, ba ka san me ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. Damar kowane kati ya zama Legendary kashi 0.8 ne cikin 100. Riƙe wannan lambar, duk rigimar a kanta take.

4/
Ma'anarta: a matsakaici sai an buɗe kati 125 kafin Legendary ɗaya ya faɗo. Fakiti 25 ke nan, dala 100. Kuma "matsakaici" ba alkawari ba ne, malam. In mutum 100 suka buɗe fakiti 25 kowannensu, kusan 37 za su tashi ko ɗaya ba su gani ba. Dala 100 ta tafi, sai tarin tarkacen Common.

5/
To a ce ka dace ya faɗo. Ka zaci an gama? Yanzu aka fara. Kati ɗaya a mataki na farko yake. Kafin Legendary ya kai ƙololuwarsa, sai ka haɗa kwafi 11 na wannan katin dai, ba wani ba. Epic 46. Rare 115. Common 400. Eh, ɗari huɗu.

6/
Mu yi wa fakiti adalcin da bai cancanta ba: mu ɗauka duk Legendary da ya faɗo maka shi ne wanda kake nema. 11 sau 25, fakiti 275. Dala 1,100 a kan kati ɗaya tak. A zahiri kuwa Legendary iri-iri ne a jerin, wanda zai faɗo ba kai ke zaɓa ba. Ka juya kuɗin zuwa naira da kanka, ni ba na son in ɓata maka rai.

7/
Sai kati mai ruwan zinare, wanda ake ɗauka a hoto a cika mana fuska da shi. Damarsa kashi 2 cikin 100. Ka haɗa da 0.8 ɗin can: Legendary na zinare ɗaya cikin kati 6,250. Fakiti 1,250, dala 5,000. Wanda ya samu zai yi bidiyo yana ihu. Sauran dubban da suka biya kuɗin ihun, ba wanda ya nuna maka su.

8/
Akwai ma "maganin sa'a" a wasan. Ɗaya na ninka damar Legendary, ɗaya na ninka ta zinare. Ninki biyu na da daɗin ji, amma 0.8 ne ya koma 1.6. Har yanzu fiye da kati 98 cikin 100 ba shi ba ne. Kuma kowane kati da ka buɗe yana shanye nasa maganin.

9/
Za su ce: "Ai bulokcen ne, ba maguɗi, an rubuta komai a fili." Na ji. Amma rubuta damar cin caca a jikin allo bai taɓa mayar da ita kasuwanci ba. Bulokcen na tabbatar maka katin naka ne. Ba ya tabbatar maka gobe akwai mai saye.

10/
Ba ni kaɗai ke kallon abin haka ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a wasannin bidiyo caca ne a dokar ƙasar. China tun 2017 ta wajabta wa kamfanoni bayyana damar abin da ke cikin akwati. Hukuncin shari'a na malamai ne, amma ka kai musu tambayar yadda take: na biya kuɗi, ban san me zan samu ba.

11/
Za su ce: "Akwai ƙwarewa." Akwai, ban musa ba. Kowane faɗa na zuwa da nasa ƙa'idoji da iyakar ƙarfin da za ka iya jerawa, wanda ya san katunansa yakan doke wanda ya fi shi kuɗi wani lokacin. Amma ƙwarewar a filin faɗa take. Wajen buɗe fakiti, gwani da ɗan koyo duk ɗaya ne. Masu talla da gangan suke cakuɗa biyun.

12/
Za su ce: "In ka gaji ka sayar." Haɗa kati ba ya warwaruwa. Kwafi 400 da ka narkar sun zama ɗaya har abada, ba ka iya ɓallo 50 ka sayar ranar da buƙata ta taso. Sai ka jira mai son babban kati, a farashin da ya ga dama.

13/
Sannan dokar wasan ba a hannunka take ba. A 2022 aka raba filin biyu, Modern na sababbin jeri, Wild na kowa da kowa. Da jerin Rebellion ya fito a ƙarshen 2023, katunan Untamed suka fita daga Modern. Ka gama gina rundunarka, a ce zamaninta ya wuce, ga sabon fakiti.

14/
A 2023 kuma suka kawo katunan lada da ke ɗaure da asusunka, ba a sayarwa a lokacin da ka same su. Kuɗin wasan, SPS, da aka ƙaddamar a Yulin 2021, ya zube da fiye da kashi 90 daga ƙololuwarsa. A Nuwamban 2022 kamfanin da kansa ya sallami kusan rabin ma'aikatansa. Wannan ce gonar da ake ce maka ka zuba kuɗin makaranta a ciki?

15/
Ka tambayi kanka daga ina ladan ke fitowa. Wasan ba ya noma, ba ya ƙera komai ya kai kasuwa. Mafi yawan abin da wani ya cira, wani ɗan wasa ne ya zuba. Muddin sababbi na shigowa, kowa gwani ne. Mutanen Filifin sun ga haka da Axie Infinity: a 2021 wasu na ciyar da gida da ita, a 2022 ladan ya koma ba ya sayen komai.

16/
To in duk da haka kana son wasan don nishaɗi, ga yadda mai hankali ke yi. Na ɗaya, kar ka sayi fakiti don neman wani kati. Je kasuwar wasan ka sayi wanda kake so kai tsaye. Ka ga farashi, ka ga kaya. Bar wasu su yi cacar, kai ka sayi abin da suka zubar.

17/
Na biyu, fara ɗaga jagoran runduna, wanda a da suke kira Summoner. Matakinsa ne ke ƙayyade iyakar sauran. Ka kai dodo mataki na 8 jagoransa na mataki na 1, a filin faɗa kamar ba ka yi komai ba.

18/
Na uku, duba matakin da katin ke samun sabuwar baiwa, ka tsaya nan. Matakan ƙarshe su ne mafi cin kwafi. Na huɗu, riƙe runduna ɗaya ko biyu, kar ka ce Wuta da Ruwa da Ƙasa duk sai ka gina. Na biyar, ana ba da hayar kati. Yi haya ka gwada kafin ka narkar da ko sisi.

19/
Na shida, kuma shi ne babba: ka sa abin da za ka kashe a layin kuɗin kallon ƙwallo da data, kuɗin da in ya tafi ba za ka nemi kowa bashi ba. Ranar da ka ji zuciyarka na cewa "fakiti ɗaya kawai, na ji a jikina", rufe wayar. Fakiti na 26 bai san ka buɗe 25 ba.

20/
Ku kuma masu raba link, ku ji tsoron Allah. Kuna da kaso a kan duk wanda ya shiga ta hannunku, ko ya ci ko ya faɗi. In kun isa, ku saka jimillar abin da kuka zuba da abin da kuka cira, da kwanan wata, ba hoton kati mai ƙyalli ba. Wanda ke ganin lissafina ba daidai ba ne, ga fili nan a ƙasa, ya kawo nasa lambobin.