Ƙwayoyin Gado Masu Ƙaura da Makomar Kiwon Kifi

A watan Disamba na 1989 ba wanda ya zaci haka, amma a Disamba na 2024 kamfanin AquaBounty na Amurka ya ba da sanarwar daina kiwon kifinsa. Wannan kifi na salmon, wanda aka dasa wa ƙwayar gadon saurin girma tun 1989, shi ne dabba ta farko da aka sāke wa gado wadda hukumar abinci ta Amurka ta yarda a ci, a 2015. Yana isa kasuwa cikin kusan rabin lokacin da 'yan'uwansa ke ɗauka, duk da haka cinikin bai fid da kamfanin ba. Muna ganin ya kamata malamai su san ilmin da ke ƙarƙashin irin wannan aiki, don za a tambaye su.

A cikin jikin kowane mai rai akwai ƙwayoyin gado, watau rubutun da ke tsara kamanninsa. Da an ɗauka kowace tana zaune daram a gurbinta, har Barbara McClintock ta gano a jikin masara, cikin shekarun 1940, cewa waɗansu sukan tashi daga nan su sauka can. Masana suka yi biris da ita, sai a 1983 aka ba ta lambar Nobel. Kifi kuwa cike yake da su: wajen rabin gadon ɗan kifin nan mai zane da ake gwaji da shi irin waɗannan ne, ko da yake galibinsu sun daɗe da mutuwa.

To, ga inda abin ya zama makami. A 1996 masana a Jami'ar Nagoya ta Japan suka tarar da wata mai rai a jikin wani zabiyan kifin medaka, ta faɗa tsakiyar ƙwayar launi ta ɓata ta. Sunanta Tol2. A 1997 kuma, a Jami'ar Minisota, aka tattara gutsattsarin wata da ta mutu tun shekaru miliyoyi a dangin salmon, aka harhaɗa har ta farfaɗo, aka raɗa mata Sleeping Beauty. Kowaccensu tana da sinadarin da ke yanke ta ya liƙa a wani wuri. Sai masana suka mai da ita jakin dako: a cire kayan cikinta, a ɗora ƙwayar da ake so, a zuba cikin ƙwan kifi. Kifin AquaBounty da tsohuwar hanya aka yi shi, ta allura da sa rai, inda 'yan kaɗan ke kamawa. Da jakin dako kuwa masu kamawa sun fi yawa nesa ba kusa ba.

A 2011 aka nuna Tol2 tana aiki a jikin karfasa, a Jami'ar Meriland. Nan ne maganar ta iso ƙofarmu, don karfasa kifin kogunanmu ne.

Amma fa jakin nan ba ya jin linzami. Inda ya ga dama yake sauke kaya, yana iya ɓata ƙwaya mai amfani kamar yadda ya yi wa medaka. Saboda haka amfaninsa ya fi yawa wajen bincike, a gane wace ƙwaya ke riƙe da girma, wace ke tsare cuta, sa'an nan a zaɓi iri. Wajen gyaran kifin ci kuwa sabuwar dabarar CRISPR ta sha gabansa, da ita aka gyara kifayen da aka fara sayarwa a Japan a 2021.

Abin da ya fi damunmu shi ne tserewa. A Amurka an wajabta kiwon kifin nan a tankuna bisa tudu, mata kaɗai, waɗanda aka hana wa haihuwa, amma a 2020 kotu ta ce a sake auna haɗarinsa ga kifin daji. Ina ga kududdufin da ambaliya ke haɗawa da kogi kowace damina? Nijeriya ta kafa hukumar kula da irin waɗannan halittu a 2015, aka faɗaɗa dokarta a 2019. Ra'ayinmu shi ne kada ta ba da izinin kiwon karfasa ko tarwaɗa da aka sāke wa gado sai an nuna mata, a filin gwaji na ƙasar nan, yadda za a hana su shiga Kwara da Binuwai.